Kwamfutar Taswira a Ofishin Shef

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ba a yi su ba, amma Litinin ɗin da babbar kwamfutarmu ta iso Garwa tana nan daram a raina. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da ita ta manyanta, har wasunku na tsokanarta da kaka. To ku gyara zama ku ji irin gumin da ta sa ni, ni Bashiru mai kula da na'urorin gidan nan, tun kafin ta yi aikin kwana ɗaya.

Ga wanda bai san mu ba, ofishinmu na safiyo ne da zanen taswira, yana bayan kasuwar Rumde Ajiya. Ma'auna suna fita daji su auno fili, masu zane su zauna a gida su mayar da awon takarda. Mai ofishin shi ne Alhaji Hamadu, wanda kowa ke kira Shef. Tsohon ma'auni ne, ya yi shekaru yana jan sarƙar awo a ƙafa tsakanin Garwa da Maruwa kafin ya zauna kan kujera. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai ya bar fili tun kafin kwamfuta ta shigo sana'ar, don haka a wurinsa duk kwamfuta kwamfuta ce.

A shekarar, wata ƙungiyar manoma ta bakin Binuwai ta ba mu aiki. Suna son taswirar da za ta nuna gonar kowa da burtalin shanu, domin a kafa turaku kafin ruwa ya sauka. Ma'aunanmu suka tashi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da muke kira duron, ya ɗauko hotuna dubbai daga sama. Aikin da ya rage shi ne a ɗinke hotunan nan su zama hoto ɗaya, a zana iyakoki a kansa. Wannan aikin aka ɗora wa Madam Marta.

Marta 'yar tsaunukan Mora ce, ta yi karatu a Maruwa, an ɗauke ta gwaji na wata shida da zai ƙare a ƙarshen Maris. Ba ta da yawan magana. Ta san aikinta, ni shaida ne, amma kwamfutar da aka ba ta ba ta san nata ba. Za ta loda mata hotuna da safe, na'urar ta yi ta gurnani har bayan azahar, idan ta kusa ƙarshe sai ta mutu, a sake daga farko. A wani taron ma'aikata Shef ya dube ta, ba da faɗa ba, ya ce:

"Madam Marta, wata huɗu ban ga taswira ɗaya da sunanki a ƙasanta ba. Idan ta manoman nan ba ta fito kafin ƙarshen Maris ba, ban san abin da zan rubuta a takardarki ba."

Ta ce, "Na ji, Shef."

A ranar na rubuta takardar neman sabuwar kwamfuta. Ƙa'idarmu ita ce mai kula da na'ura ya rubuta, Shef ya sa hannu, a aika wa ɗan kasuwa a Duwala. Amma kafin in cike wurin da ake bayyana irin na'urar, sai na ja kujera na zauna kusa da Marta.

Na ce, "Madam, wace iri kike so? Mai gudu sosai?"

Ta ce, "Gudu ba shi ne damuwata ba, Malam Bashiru. Ina son wadda idan na ba ta aiki da safe zan same shi da yamma. Ko a hankali ne, ta dai kai ƙarshe."

Wannan amsar ta gyara mini tunani. Ni da na zo da niyyar rubuta sunan injin da ya fi kowane sauri, sai na koma kan abin da ke kashe tsohuwar. Ƙwaƙwalwar aikinta, wadda muke kira ram, ita ce ta yi kaɗan. Hotunan sun fi ƙarfin wurin shimfiɗa su. Na rubuta a sa mai yawa, irin wadda ke gyara kuskurenta da kanta, domin aikin awa shida ba ya son tuntuɓe ko sau ɗaya. Na rubuta katin hoto na masu zane. Na rubuta faifan ajiya biyu masu kwafin juna, saboda idan hotunan duron suka ɓace, ba za a iya mayar da masakwa, dawar ranin da aka riga aka girbe, cikin gona a sake ɗauka ba.

Da na tambaye ta allo, sai ta juyo mini da nata ta ce, "Koren albasa daban, koren masakwa daban. Amma dubi ekran ɗin nan, duk miyar kuka ce." Na rubuta allo biyu masu faɗin gaskiyar launi. Wani ma'auninmu mai ciwon baya ya leƙo ya ce shi dai a sa ramukan soka kaya a gaba, ya gaji da rarrafe a ƙarƙashin tebur. Ni ma na ƙara nawa: wadda ake buɗe cikinta da hannu a hure ƙura, wadda ba ta da ƙara, wadda idan wani abu ya lalace za a same shi a Duwala ba sai an jira jirgi ba. Na haɗa da ondilar, akwatin batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Ɗan kasuwar ya bugo waya yana tallata mini wata mai fitilu ja da shuɗi, irin ta masu wasan kwamfuta, na ce ya riƙe kayansa, mu ba biki za mu yi ba.

Gaskiya na ji daɗin kaina a kan takardar nan. Shef ya sa hannu bai karanta shafi na biyu ba. Na tambayi komai, ban da abu biyu: teburin wa za ta hau, da ɗakin da za ta zauna.

Akwai wata al'ada a gidan nan da ba a rubuta ta a ko'ina ba, mai tsaronta kuwa shi ne Baba Isiyaku magaziniye, wato mai riƙe da makullin sito. Duk sabon abu da ya shigo, kujera ce ko fanka ko agogon bango, ofishin Shef yake tafiya. Na Shef ya sauka wurin mataimaki, na mataimaki ya sauka wurin sakatariya, haka har ƙasa. Ba zalunci ake nufi da ita ba, girmamawa ce, kuma kowa na samun canji. Na san al'adar nan sarai. Kawai ban taɓa kawo wa raina za ta hau kan na'urar da na rubuta don mutum ɗaya ba.

Ranar Litinin ta farko a watan Maris kayan suka iso, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, mota zuwa Garwa. Ni kuma na fita sayen wayar wuta a kasuwa. Ina dawowa na ga kwalaye a buɗe a ƙofar sito, babu komai a ciki.

Na ce, "Baba, ina kayan?"

Ya ce, "Suna inda ya kamata. Je ka haɗa wa Shef, yana jiranka."

"Baba, ai ta Madam Marta ce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sabon kaya na babba ne, ɗana. Tun kana goye haka ake yi a nan. Ita ma an kai mata ta sakatariya, me kuma take nema?"

Kwamfutar sakatariya kuwa ƙanwar ta Marta ce wajen ƙarfi, sai dai ta fi ta tsabta.

Da hannuna na haɗa kwamfutar a ofishin Shef, yana tsaye a kaina baki har kunne. Ya buɗe wata wasiƙa ya ce, "Boɗɗum, madalla, Bashiru, ka yi aiki. Ka ga yadda take buɗewa tun ban ɗaga yatsa ba?" Na ce, "Haka ne, Shef." Maganar tana bakina, na haɗiye ta. Ba kora nake tsoro ba. Mutumin nan sa'an mahaifina ne, shi ya karɓa mini aure, ta yaya zan dubi idonsa yana murna in ce abin ba nasa ba ne? Kunya ce ta kama ni, kuma ina faɗa muku yau, kunyar banza ce.

Na je wurin Marta ina ta kame-kame. Ta dube ni ta ce, "Sa ba ale, Malam Bashiru," wato za a wuce wurin. Ta juya ta loda wa ta sakatariya hotuna. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Talata, Laraba, Alhamis, na'urar da aka gina don ɗinke fadama guda tana buga gaisuwa da takardun gayyata, saura mako uku da 'yan kwanaki gwajin Marta ya ƙare.

Sai na ƙulla dabara irin ta matsorata. Ranar Juma'a Shef yana fita masallaci da sha biyu da rabi, daga can ya wuce gida cin abinci, ba ya dawowa sai uku. Marta Kirista ce, ofis take zama. Ni kuma ina da makullin ofishinsa saboda aikin na'urori. Na miƙa mata.

Ta ce, "Idan aka same ni a kujerar Shef, ba sai ƙarshen Maris ba, yau zan koma Mora."

Na rantse mata ba ya dawowa, na ce ko ya canza hanya zan bugo mata daga ƙofar masallaci. Ta daɗe tana kallon makullin kafin ta karɓa.

Allah ya yafe mini, ban ji huɗubar ranar ba. Ana idarwa na ga motar Shef ta ɗauki hanyar gidansa, hankalina ya kwanta, har na tsaya wurin mai gashi na sayo wa Marta kifi. Ƙarfe biyu na karyo kwanar ofis a kan babur, sai ga motar Shef a bakin ƙofa. Ashe maganinsa na hawan jini ya mance a aljihun tebur, ya juyo daga rabin hanya. Na yi tunanin in wuce kamar ban gani ba, sai na tuna ni na ba ta makullin.

Na tarar da ƙofa a buɗe. Marta tana zaune a gefen kujera kamar mai jiran hukunci, hannunta a kan linzamin kwamfuta. Shef yana tsaye a bayanta, hannu a baya, ya tura hula ƙeya. A kan allunan biyu ga Binuwai kwance, ga gonaki, ga burtali ya ratsa tsakaninsu. Bai ko waiwayo ni ba.

Ya ce mata, "Matsa mini gabas kaɗan. Yauwa. Ƙara girmansa." Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo. "Wannan tsamiyar, ni na kafa turke a gindinta, lokacin ko gemu ban ajiye ba. Kwana tara muka yi muna jan sarƙa a fadamar nan. Yaushe kika fara wannan?"

Ta ce, "Bayan fitarka, Shef. Ƙauye ɗaya ne kawai."

"A waccan taki fa?"

"Sati uku nake gwada shi. Ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba."

Ya juyo gare ni, ina tsaye da ledar kifi a hannu.

"Bashiru, wa aka sayo wa wannan na'urar?"

"Ita, Shef. Ni na ba ta makullin, ba ta so ba."

"Ban tambaye ka makulli ba. Kwana huɗu kana kallona ina buga wasiƙa da ita."

"Kunya na ji, ranka ya daɗe."

"Ka ji kunyata, ba ka ji tausayinta ba? Da na sallami 'yar mutane a kan laifin ƙarfe, wa zai ɗauki alhakin, ni ko kai?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce in kwance komai yanzu in kai ɗakin zane. Tun da na riga na sha kunya ɗaya, sai na ce bari in faɗi ta biyun in huta. Na gaya masa na'urar ba za ta rayu a can ba. Ɗakin zane rufin kwano ne, fanka ɗaya, tagarsa tana kallon titi, ga Maris a Garwa, wanda ba sai na bayyana muku shi ba. Irin wannan kwamfutar idan ta ɗauki aiki mai nauyi zafi take fitarwa, idan ba ta sami iska mai sanyi ba sai ta rage wa kanta gudu, daga nan ta tsaya. A duk ginin, ofishinsa ne kaɗai ke da kilim mai aiki, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wayar wutar ɗakin zane kuma ba za ta ɗauki kilim ba sai an sake ta, aikin da ba zai ƙare kafin wata ya mutu ba.

Shef ya dubi kilim ɗin, ya dubi Marta, ya ce a kira masa Baba Isiyaku. Baba yana shigowa ya ga abin da ake ciki, ya riga kowa magana.

"Shef, sabon kaya ba ya barin ofishin babba."

Shef ya ce, "Ba zai bari ba, Malam Isiyaku. Ni zan bari. Ku ɗauki ƙaramin teburin can, ku karɓo tsohuwar kwamfutata wurin mataimaki, ku kai mini baranda."

Baba ya lalubo al'adarsa ta ko'ina bai ga inda aka taka ta ba. Marta ta miƙe tana cewa ai za ta iya raɓawa a kusurwa, ba sai ya fita ba. Shef ya ce baƙinsa ba za su bar ta ta yi aiki ba, masu gaisuwa kaɗai sun isa su cika ɗakin da ƙura. Ni da Baba muka kinkimi teburin. Kifin kuwa Shef ne ya cinye shi a baranda, ya ce horona ke nan.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a aikin nan. Shef yana zaune a baranda da fankar tsaye da mahuci, babbar riga a rataye a ƙusa, baƙi a kan benci. Duk wanda ya wuce titi sai ya tsaya: "Jam na, Alhaji? Lafiya aka fito da kai?" Ya ce lafiya lau, na'ura ce ta fi shi buƙatar sanyi. Ma'aikata suka laƙaba wa barandar babban ofishi. Ya yi baƙi, ya yi gumi, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sau biyu a rana yana tashi ya je ganin inda taswira ta kai, kuma sai ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa ya jira a ce ya shigo.

Wata Laraba, ana tsakiyar ɗinke ƙauyen da ya fi kowane girma, aka ɗauke wuta. Na taho da gudu. Ondilar tana ta kuka, allunan suna nan a kunne, aikin yana ci gaba abinsa har mai gadi ya tayar da janareto. Marta ta dubi allon, ta dube ni, sai ta fashe da dariya. Wata biyar muna aiki tare, ranar na fara jin dariyarta.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare aka buga taswirar. Shugabannin manoma suka zo, aka shimfiɗa ta a kan tabarma a baranda, aka danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Wani dattijo ya bi burtali da yatsa a hankali har ya tsaya a wani ɗan murabba'i, ya ce ga gonarsa, ga ma rijiyar. A ƙasa ta dama an rubuta sunan wadda ta zana.

Bayan sun tafi Shef ya sa a kira Marta. Takardar tabbatar da ita a aiki tana gabansa, ya ɗora waya a kai kada fanka ta kwashe. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya ce, "Bingel am, ki yafe mini maganar da na yi miki a taro. Ban san abin da kike fama da shi ba."

Bingel am, wato 'yata. Ta durƙusa ta karɓa. Ta zagaya bayan sito ta buga wa mahaifiyarta waya da yarensu na tsauni. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duk abin da ta faɗa, ni ma sai da na share ido.

Shef bai koma ofishinsa ba sai da aka sake wayar ɗakin zane aka sa kilim, ruwa ya riga ya sauka.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu rubuta takardar neman na'ura yanzu, kaɗan ne. Mai sana'a ba adon kwamfuta yake nema ba, ba ma gudunta kaɗai ba. Yana son wadda za ta kai masa aiki ƙarshe, ta nuna masa gaskiya a allo, ta riƙe masa abin da ya ba ta. Ba za ku san wannan daga takardar ɗan kasuwa ba, sai kun ja kujera kun zauna kusa da mai aikin. Idan kun gama da cikin na'urar, ku tambayi teburin da za ta hau da iskar da za ta shaƙa. Idan kuma kun ga babba ya yi kuskure cikin rashin sani, ku faɗa masa tun ranar Litinin, kada ku jira Juma'a. Shirun da na yi na ɗauka ladabi ne, ashe saura kaɗan ya raba wata da abincinta.

Na yi shekaru ina haɗa wa mutane manyan kwamfutoci a Garwa, na ga masu saye da yawa. Wanda ya bar wa ma'aikaciyarsa sanyi ya fita zafin Maris da ƙafarsa, shi kaɗai na gani.